Launi, Wari da Ɗanɗano

Ina zaune a tsakar gidan da muke haya kusa da kasuwar Ose, a Anacha, ina ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, sai maigidana ya shigo tun kafin azahar, abin da bai saba ba. Ya tsaya a kaina ya ce, “Sai haƙuri. Direban Fatakwal ya iso yanzu. Yayanki ya rasu jiya da hantsi, har an kai shi.”

Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu. Shi ya ɗauko ni a jirgin ƙasa ya kawo ni kudu, shi ya aurar da ni. Sana'arsa wanke kayan ciki, tumbi da hanji, a bakin rafin da ke bayan mayanka a unguwar Trans-Amadi, a Fatakwal. A shekarun nan bayan samun 'yanci aka fara gina masana'antu a wurin, kuma ɗaya daga cikinsu ta fito da bututu daga ƙarƙashin katangarta zuwa cikin rafin. Ruwan da yake zubarwa garau yake kamar na rijiya.

Zuwana na ƙarshe yana da rai, na kai masa abinci bakin ruwa. Wata mai kamun kifi, 'yar garin, ta kira ni gefe ta gaya mini da Turancin buroka cewa su sun daina jefa koma a nan. Ta nuna mini ƙananan kifaye kwance, cikinsu sama. Ta ce in gaya wa mutanenmu.

Na gaya masa. Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ya yi dariya.

“Ke 'yar albasa, yaushe hancinki ya warke har kike sansanar ruwa?”

“Yaya, ni ba wari na ji ba. Kifi na gani.”

“Kifi ma ajalinsa yake cika.”

Ya kamfato ruwan a tafinsa, ya yi yadda malam ya koya mana tun a gida. Ya ɗaga shi ga rana ya duba. Ya kai hanci. Ya taɓa da harshe.

“Launi bai sauya ba, wari bai sauya ba, ɗanɗano gishirin nan ne na kullum. Sharuɗɗan uku ne, ko an ƙara na huɗu a Anacha?”

Abokan aikinsa suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce a naɗa ni limamin mayanka. Ni ma na yi murmushi. Ya ɗaura alwala da ruwan a gabana, ya kurkure baki sau uku. Da ya fito na ga ƙafafunsa sun tsattsage, fatar tana ɓarewa kamar ɓawon dankali. Ya ce gishiri ne. Ƙanwa ce ni, ga mutane, sai na bar maganar na buɗe masa kwano.

Ban ce ya yi kuskure a karatunsa ba. Waɗanda suka rubuta hukuncin ruwa rijiya suka sani da tafki da kogi. Ba su ga bututu ba.

Matarsa ta ce mini wata biyu ya yi cikinsa ba ya riƙe komai, gashin kansa yana zuba a matashi. Ba wanda ya faɗa mana sunan ciwon. Har yanzu idan na ji an kira ni daga nesa da tsokana, sai in juya.

Ranar addu'ar bakwai na roƙi maigidana ya raka ni bakin rafin. Abokansa suna nan cikin ruwa har gwiwa. Suka fito suka yi mini gaisuwa, hannuwansu na ɗiga. Na yi niyyar in ga sarkin fawa in gaya masa abin da mai kamun kifin nan ta ce, aka ce ya tafi karɓar shanu a tasha. Motarmu kuma ta cika, direba yana ta kira.

Na ce in na dawo sadakar arba'in zan same shi. Lokacin na haihu, ban je ba. Saƙon matar nan har yau ban isar da shi ba.