Baba Halliru Maɗori da Ƙwaurin da Ya Fito Daga Laka

Kafin rana ta ɗaga, Baba Halliru maɗori ya riga ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida, bayan kasuwar Goronyo, karare a dama, tsummoki da man shanu a hagu. Masu karaya kan zo, wani a amalanke, wani a bayan babur yana ta salati. Shekara arba'in da biyu ke nan yana ɗori, sai bana ya ce ya ajiye, hannu ya soma rawa.

Amma akwai baƙin da ba su salati, ba su ihu. Naɗe suke zuwa cikin tabarma. In bazara ta janye ruwan dam, ko manoman wajen Rabah suka koma gonakin da 'yan bindiga suka kore su daga ciki, ƙasa takan mayar da abin da ta haɗiye: ƙasusuwan mutane, ba fuska, ba suna. Kafin a rufe su, sai a biyo da su ta wurin Baba. Yakan yi musu sallama, ya ɗan saurara kamar mai jiran amsa, sannan ya rufe ido ya bi su da babban yatsa. Duk ƙashin da ya taɓa ɗorawa yana cikin kansa. Haka ya gane wani makiyayi na Gandi da tsohuwar karayar damtse, bayan shekara biyar ana cigiya. Da yawa yakan girgiza kai, a binne su baƙi. Bakwai kuwa sun tafi da sunayensu.

Na bakwai ɗin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara da azahar, masunta suka ga wani abu fari a tsagin laka, inda kututturen tsoffin itatuwa ke fitowa tsaye kamar jama'a a sahu. Suka kwaso, mai gari da ɗan sanda guda suka rako su. Waɗanda suka halarta sun ce ko kaji sun yi shiru. Baba ya yi sallamarsa, ya shafa, ya shafa. Da ya kai ƙwaurin hagu sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

“Mi kag gani, Baba?” in ji mai gari.

“A kira min Adama, uwar Sa'adu.”

Sa'adu masunci ne mai ɗingishi, ya fita da kwalekwale shekara tara da suka wuce, bai dawo ba. Gari ya yanke cewa daji ya shiga, wurin 'yan bindiga. Adama ta ƙi yarda, ta kuma ƙi karɓar gaisuwar mutuwa tunda ba a ga gawa ba, mata kuma suka rage shiga gidanta. Ɗingishin ma da tarihinsa. Yana ɗan shekara goma ya faɗo daga giginya, Baba ya ɗora shi, ƙafa ta warke a gajarce. Da aka tambaya, Baba ya ce uwar ce ta bar yaro ya taka da wuri. Ta haɗiye wannan laifi shekara talatin.

Adama ta iso, ta tsaya nesa da tabarmar.

“Wanga ɗanki Sa'adu na,” in ji Baba.

Mai gari ya gyara zama. “Baba, masu karayar ƙwauri sun fi gashin tunkiya a ƙasag ga. In anka rufe wanga da sunan Sa'adu, gobe ya shigo gari da ƙafa tai, mi za mu ce? Ba mu da shaida.”

Ba mai iya karanta ƙashin sai Baba kaɗai. Da ya ce idonsa ya ruɗe, da an rufe baƙo an watse, sunansa na nan garau.

Sai ya ɗaga ƙwaurin sama. “Ku duba nan. Bakin karaya biyu sun hau juna, faɗin yatsa biyu. Takawa da wuri lanƙwasa ƙashi takai, ba ta hawad da shi haka. Wanga aikin maɗori na, bai ja ƙafa ta zauna ba, yana sauri kada motar Wurno ta bar shi. Sau guda na yi haka tun da nike. Ni na ɓata ƙafar ɗanki, Adama, na ƙara da yi miki ƙarya.”

Adama ta matso ta durƙusa. Ta karɓi ƙashin hannu biyu, ta ɗora yatsunta a kan kumburin, daidai inda ta saba shafa wa yaronta mai. Ba ta yi kuka ba tukuna.

“Halliru, ai na sani. Kwana arba'in ina goye da shi, ƙato guda, ko ƙasa bai taɓa ba. Wa za ya ji ni ya bar ka?” Ta juya ga jama'a. “To, masu cewa daji, ga ɗan bindigarku nan. Ku zo ku yi min gaisuwa.”

Kafin la'asar aka sallaci Sa'adu, sahu har bakin hanya.

Baba, kai ne mai ido a yatsa. Na karanta labaran jarumai da dama, ban ga wanda ya ɗaga aibinsa sama a bainar jama'a don wata tsohuwa ta samu kabarin da za ta nuna ba. Wasu sun daina kawo maka karaya tun ranar, ka kuwa san za su daina.

Mun gode, Allah ya ba hannun nan hutu, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma wanzamai, dukawa, masu ɗinki, da duk wanda hannunsa ya taɓa barin alama a jikin mutum ko kayansa, in an kawo baƙo a tabarma ku matso ku duba. In aikinku ne, ko ɓatacce ne, ku ce naku ne. Akwai uwar da ke jiran wannan kalmar.