Taron Barmo a Gidan Surukinsa

Barmo mai gyaran wayar salula ne a Sabon Garin Maraɗi, rumfarsa na jikin tawa, shi ya sa na san wahalarsa. In aiki ya lafa, yakan rubuta abin da ya gani a unguwa ya sa a shafinsa na intanet, yau kwatar da ta toshe, gobe rigimar 'yan kabu-kabu. Ta nan ya gano akwai irinsa warwatse a Maraɗi da kewaye, suna karanta juna, ba su taɓa haɗuwa ba. Ya ɗaura aniyar tara su, kowa ya tashi ya faɗi abin da yake rubutawa.

Wadda ya fi so a ji ita ce Salima, wata matar aure daga Jiratawa mai rubutu kan matan da ke noman rani. Da ƙyar mijinta ya bar ta, da sharaɗin ta koma kafin magariba.

Wurin taro ne ya gagara. Na ce masa ya ari ajin lakwal, wato makarantar boko, bai ji ba. Ya je gaida surukinsa Alhaji Tanimu, mai sayar da atamfa a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, maganar ta suɓuce masa. Alhaji ya ce ina, yana da farfajiya mijin 'yarsa ya tafi aro? Tun daga nan taron ya fita hannun Barmo.

Ranar, ga rumfuna, ga shinkafa, ga abokan Alhaji sun cika layin gaba. Marubutan kuwa, har da wani malamin lakwal da ya taso daga Tibiri, suna can baya. Aka buɗe da addu'a. Alhaji ya karɓi mikro ya shiga tarihin fataucinsa tun yana yaro. Ya miƙa wa amininsa, aminin ya miƙa wa na kusa da shi, don ba a tsallake babba. Maroƙi ma ya ji lasifika ya faɗo.

Haushi ya kama ni, na matsa kusa da Barmo. "Kai, karɓi mikron nan mana."

"Daga hannun wa?" ya ce. Mutumin da ko sunan surukinsa ba ya iya faɗa don kunya, ina zai katse shi? Yana tsaye riƙe da buta, zufa na keto masa.

Aka yi la'asar aka ɗora. Da rana ta yi sanyi Salima ta tashi, ta gyara hijabinta ta zo wurinsa. "Malam Barmo, mun gode da abinci. Ma haɗu a intanet." Ya raka ta bakin titi ya tare mata kabu-kabu, ya kasa haɗa ido da ita. Wallahi ya ba ni tausayi.

Yana dawowa ya ji Alhaji na shelar cewa taro ya yi albarka, kuma in da rai, duk shekara a gidan nan za a riƙa yin sa. Jama'a suka juyo suna kallon Barmo. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba."