Sugan Anti Nuriyya Ya Sauka, Aka Ce Alhamdulillahi

Assalamu alaikum ƙawayena na nan Dubai da na gida. Sauda ce. Yau ba hoton abaya na zo muku da shi ba, masu jiran farashin kaya ku yi haƙuri, ko shago ban iya fita ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya yi wa Anti Nuriyya rasuwa ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, a asibiti a nan Dubai. Tun ranar Litinin aka kai ta, ba ta ƙara sanin inda kanta yake ba. An yi mata sutura, a nan aka binne ta.

Wanda bai san ta ba, ita ce 'yar Fagge mai tuwo a unguwar Al Ras. Duk ɗan kasuwar Kano da ya gama zagayen kasuwar Sabkha, ya kai kayansa kago, cikinsa ya gaji da biriyani, to filat ɗinta yake hawa. Miyar kukarta da man shanu har a matakala kake jin ƙanshi. Ni lokacin da na zo garin nan ban san kowa ba, aikin da aka ce mini akwai ashe babu, a falonta na kwana har na samu aiki a shagon abaya. Ba ta taɓa tambayata 'yar gidan waye ba. Cewa kawai ta yi, "Ajiye jakar, wanke hannu, yalla, zo ki ci."

Anti, wallahi ina rubutun nan raina a ɓace yake. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma yadda abin ya faru ya tsaya mini a rai, kuma in ban faɗa ba gobe ni ce, don ni ma ciwon nan gare ni.

Bara bayan babbar sallah likita ya ce Anti tana da ciwon suga, har ya ɗora ta a kan allura. Ni kuma nawa a ƙarshen shekara ya bayyana. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari, ga rama, ni ina ta murna wai na fara siranta. Ranar da aka gaya mini, daga asibiti wajenta na wuce ina kuka kamar an aiko mini da mutuwa. Na ce Anti shikenan, ko aure ban yi ba, wa zai ɗauki mai suga? Ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Kalas? Kin gama? To barka da shigowa ajinmu, ni ce monita." Ina kuka ina dariya.

Ita ta koya mini huda yatsa don awon suga. Na ƙi, na ɓoye hannu a hammata kamar yarinya, ta ce, "Ke da kike huda kunne uku-uku don gayu?" Kullum da safe sai ta turo mini hoton na'urar awonta a WhatsApp, ni ma in tura tawa. Ranar da nawa ya hau sai in ji murya ta shigo: "'Yar gidana, faɗi gaskiya, shayin karak kika sha ko zaƙin kunafa kika ci?" Saboda ni ta fara tuƙa tuwon alkama a 'yar tukunya daban. Da wata Hajiya ta kawo mata acca daga Jos, rabawa ta yi biyu ta aiko mini har unguwarmu Satwa.

Amma ku da ba ku da ciwon nan, don Allah ku ji ni. Ciwon daban, mutane daban. Daga ranar da aka ji, kowa ya zama likita. Wannan ta ce a jiƙa kuɓewa a sha ruwan da safe, waccan ta ce hulba, wani ya ce ganyen mangwaro, wani ya turo bidiyo wai a watsar da magani duk kasuwancin Turawa ne. Sauran kuma suka zama 'yan sandan faranti. Ka ɗauki dabino ɗaya a ce "A'a'a, ajiye!" Likita da bakinsa ya ce mana kada mu rabu da alewa a jaka, saboda wata rana sugan zai iya faɗuwa ƙasa sosai, kuma wannan ya fi saurin kisa. Anti ta sayi alewarta ta zuba a jaka. Muhsinat, ƙanwarta da suke girkin tare, ta gani ta kwashe tas, ta zo tana gaya mini, "Kin ga Yaya ta fara shan zaƙi a ɓoye." Na yi mata bayani, Anti ma ta yi, ta ce mu dai masu suga bakinmu ɗaya.

Ranar Litinin ɗin Anti tana ramuwar azumi, kun san Sha'aban ne, kowace mace tana sauri ta biya kafin Ramadan. Ta yi allurarta, sahur ɗin ma ba wani na kirki ba, ga baƙi sun sauka daga Kano, tun safe tana kan tukunya. Ni ina shago, Muhsinat ce ta ba ni labari daga baya. Bayan la'asar sai gumi ya keto mata, hannu na rawa. Ta auna, ta fito falo ta ce musu, "Sugana ya sauka."

Kun san me aka ce mata? "Alhamdulillahi! Sauƙi ya samu." Har wata Hajiya ta ce ai dama ta faɗa, azumi magani ne.

Ta ce a ba ta lemo. Matar da tun tana budurwa ba a taɓa ganin ta karya azumi ba, ita ce da bakinta take cewa a ba ta lemo, amma ba wanda abin ya ɗaure wa kai. Muhsinat ta ce, "Haba Yaya, yanzu fa kika ce ya sauka, so kike ki mayar da shi sama? Ga azumi, saura kaɗan a sha ruwa." Lemon yana nan cikin firij, katan guda na baƙi. Maganarta ta fara harɗewa, aka ce gajiya ce, aka kama ta aka kai ɗaki, aka ja mata ƙofa don kada hayaniya ta dame ta. Da aka kira magariba aka shiga da ruwan ɗumi da tuwon alkamarta, ba ta tashi ba.

Don Allah kada wanda ya kira Muhsinat da wata magana. Yarinyar nan ko ruwa sai an matsa mata take sha. Ta riƙe ni a asibiti tana cewa, "Sauda, ni fa kare ta nake yi." Na sani. Duk wanda ke falon nan son Anti yake yi. Abin da ke ƙona mini rai ke nan, ba wanda zan riƙe in ce shi ne mugu. Mu a wajenmu duk abin da ya sauka alheri ne. Zazzaɓi ya sauka, hawan jini ya sauka, dala ta sauka, mai ciki ta sauka lafiya. To suga ba haka yake ba. Yana hawa ya yi illa a hankali, yana faɗuwa ya ɗauke mutum a yini ɗaya.

Ga abin da likitana ya gaya mini, ku ma ku tambayi naku. In mai suga ya fara gumi, rawar jiki, maganarsa ta rikice, ko ya ce muku ya sauka, in yana iya haɗiya ku ba shi lemo mai zaƙi ko suga a ruwa nan take, ko azumi yake yi. In ya suma kada a ɗura masa komai, a kira motar asibiti, a nan 998 ne. Kada a kai shi ɗaki a ja ƙofa. Mu kuma masu ciwon, kada mu ɗauki azumi sai mun zauna da likita. Ni ma ga Ramadan nan tafe, kuma mu shida ne a ɗakinmu na Satwa, jiya na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta san wannan.

Anti, yau da safe na huda yatsa na ɗauki hoto, sai da na buɗe sunanki na tuna. Allah Ya jiƙanki da rahama, Ya yafe miki kurakuranki, Ya sa azumin da kika tafi da shi a baki ya zama hujja gare ki. Yadda kika ciyar da baƙi a ƙasar da ba taki ba, Allah Ya karɓi baƙuncinki, Ya haskaka kabarinki. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta Alhaji Ɗalhatu, da ɗanta Mubashir, da dangi na Fagge baki ɗaya, da Muhsinat, Allah Ya sanyaya mata zuciya. Mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Masu suga da masu jinyarsu, ku yi mini magana a ƙasa. Ya taɓa faɗo muku a cikin mutane? Me kuka ce har aka gane? Ni dai na daina cewa "ya sauka". Wata kalmar nake nema, wadda in na faɗe ta ba wanda zai tsaya yi mini murna.