Allon da Na Ƙi Saukewa

Ranar da alƙali ya soke takardar mallakar allonmu ba ta taɓa fita daga kaina ba. Shaidar da na bayar da bakina ce ta jawo hakan, kuma a ranar na rasa aikina. Masu tasowa a sana'ar yin allon talla suna yawan tambayata yadda aka yi. Zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Sunana Tanko. Ban yi boko ba, ɗan karatun da nake da shi na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya. Na yi dako a tasha. Na yi yaron mota har ranar da motar ta kife da mu a hanyar Zariya, na fita da raina, wasu ba su fita ba. Daga nan na shiga shagon Alhaji Haladu a Abakpa, inda injin yanka ya cinye mini yatsu biyu. Alhaji injiniyan lantarki ne na gwamnati, da ya yi ritaya ya buɗe shagon yin allunan talla. Zuwa farkon shekarun casa'in ni ne babban ma'aikacinsa. Shi ke zane, ni ke yanka da sassaƙa, sauran suna haɗa waya da fenti.

Allo mai haske na wancan lokaci akwatin ƙarfe ne, dogayen ƙwayayen lantarki a ciki, roba a fuska. Ga nauyi, ga zafi, ga ƙwari suna mutuwa a ciki. Da an ɗauke wuta shi ma ya mutu. Alhaji ya ce shi siririn allo yake so, wanda harufan ne da kansu za su riƙa haske, ba ƙwai a bayansu, kuma batirin mota ya iya riƙe shi. Dabararsa ita ce a samo roba mai kauri mai kama da gilashi, a jera ƙananan ƙwayaye irin na fuskar rediyo a gefenta, a ɓoye su cikin firam. Hasken zai bi cikin robar ba a ganinsa, sai inda aka sassaƙa harafi zai fito.

Faɗa da baki ba wuya. Mun fi shekara muna ɓata roba. Idan na sassaƙa da zurfi, harufan farko su shanye hasken, na tsakiya su zauna a duhu. Idan ban zurfafa ba, ba a ganin komai. Wani lokaci ƙwan ya narkar da gefen. A ƙarshe Alhaji ya gano cewa sai sassaƙar ta fara sama-sama kusa da ƙwai, tana ƙara zurfi yadda take nisa da shi, gefen kuma a goge shi da samfefa, a bi da man goge haƙori har ya yi santsi kamar ruwa. Robobin da suka lalace ya ce in zubar. Ban zubar ba. Wanda ya taɓa kwana da yunwa ba ya zubar da abu. Na tara su a buhu a bayan shago.

Da allo na farko ya yi kyau, Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne. Mahaifina bai taɓa cin damin farko na gonarsa ba, malami yake kai wa. Na fari na ɗakin Allah ne." Bisimilla ce muka sassaƙa a jikinsa. Na ɗauke shi zuwa wani masallaci a Kurmin Mashi inda Malam Isiyaku ke limanci yana kuma karantarwa, na rataye shi a saman ƙofa, ana saura kwanaki a fara azumi. Da magariba aka ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, Bisimilla tana tsaye a iska tana haske. Mutane suka cika ƙofar. Duk wanda ya tambaya, Alhaji ya ce in buɗe firam in nuna masa. Murna yake yi.

Sai bayan Babbar Sallah ya kai takardunsa rajista. Ga wanda bai sani ba, idan mutum ya ƙirƙiro abu, yakan kai zanensa da bayanin yadda yake aiki ofishin rajista na tarayya. Idan takardun sun cika a ba shi shaidar mallaka, daga nan ba wanda zai ƙera irinsa ya sayar sai da izininsa, har tsawon wasu shekaru. Ofishin ba ya zama ya bincika ko abin ya cancanta. Wannan aikin kotu ne, idan wani ya ja.

Aka kuwa ja. Wani mai yin allo a Rigachikun, Bala, ya sayi namu guda, ya farke shi, ya fara yin irinsa yana sayarwa da araha. Masu kantin magani da masu otal da suka saba zuwa wajenmu suka koma can. Alhaji ya kai ƙara. Lauyan Bala ya mayar da martani cewa a soke takardar gaba ɗaya.

Lauyanmu, Barista Yusha'u, ya kira ni ofishinsa tare da Alhaji, domin ni zan ba da shaida. Ya ce abu biyu kotu za ta duba. Na ɗaya, kada abin ya zama wanda duk mai sana'ar da ya san aikinsa zai iya kaiwa gare shi ba tare da wata dabara ta daban ba. Na biyu, ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi ga jama'a ba kafin ranar da aka kai takarda. Da na ba shi labarin buhuna ya buga tebur don daɗi. Sannan ya ce, "Malam Tanko, kafin a kai takarda, akwai wanda ya ga allon a waje?"

Na ce, "Duk Kurmin Mashi."

Ya cire tabarau ya ajiye. Alhaji ya ce, "Barista, ai sadaka ce. Ban karɓi ko sisi ba."

"Alhaji, doka ba ta tambayi ko an biya ba. Ta tambayi ko an gani."

Washegari da safe Alhaji ya kira ni gefe. Ya ce in ɗauki tsani in je in sauke allon, in ce wa liman gyara za a yi, a ajiye shi har a gama shari'a. Bai kalle ni ba lokacin da yake maganar. Na ɗaura tsani a keke na tafi.

Na tarar da Malam Isiyaku a kan buzunsa a ƙofar masallaci. Na durƙusa na gaishe shi.

"Tanko, lafiya da tsani da sassafe? Ko sama za ka ba sallama?"

"Allah gafarta Malam, an ce in sauke allo a yi gyara."

"Me ya same shi? Jiya ma da haskensa na gane takalmina."

Ban iya ƙarya mai tsawo ba. Na gaya masa yadda ake ciki, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Alhaji ne ya bayar. Idan ya aiko a karɓe, ba zan hana ka ba. Amma ba zan riƙe maka tsani ba."

Na jingina tsanin na hau. Na ga inda na huda bango da hannuna. Na ciro tsumma daga aljihu na goge ƙurar da ke kan robar, na ɗaure wata waya da ta yi sako-sako, na sauko na ƙara wa batir ruwa. Na ɗaure tsanina na koma Abakpa.

Alhaji yana bakin shago. Ya ce, "Ina allon?"

"Yana inda ka sa na rataye shi."

"Tanko, wa yake biyanka, ni ko liman?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Ka sa ni kowane aiki zan yi. Amma ko na sauke shi, a kotu Alƙur'ani za a miƙo mini, a tambaye ni."

"Sai ka ce ka manta."

"Ban manta ba."

Ya shige ciki ya bar ni tsaye. Ku riƙe wani abu a nan: yana da wasu ma'aikatan da zai iya aikawa da tsanin nan, kuma da sun sauke. Bai aika kowa ba.

Ranar shaida na yi alwala, magatakarda ya rantsar da ni, aka tsayar da tafinta kusa da ni domin ba na jin Turanci sosai. Barista Yusha'u ya sa na juye buhuna a gaban alƙali. Robobi suka zube, wasu a narke, wasu a tsage. Na ɗauki ɗaya bayan ɗaya ina faɗin abin da muka gwada da dalilin da ya sa bai yi ba.

Lauyan Bala ya miƙe. Mutum ne mai sanyin murya, kuma ya san aikinsa. Ya ce, "Malam Tanko, kafin Alhaji ya gaya maka, ka san haske yana bin cikin roba?"

"Na sani. Duk wanda ya taɓa buɗe rediyo ya sani."

"Ka san sassaƙa?"

"Da ita nake ci."

"To ga haske ka sani, ga sassaƙa ka sani. Haɗa su ai abu ne a fili, ko ba haka ba?"

"Ni ma haka na zata. Yadda hankalina ya ba ni na haɗa su, ga su nan a ƙasa."

Wasu suka yi dariya, alƙali ya rubuta wani abu. Na ga Alhaji ya gyara zama. Lauyan bai damu ba. Ya juya takarda ya ce, "Akwai wani allo a ƙofar wani masallaci a Kurmin Mashi. Ka san shi?"

"Ni na rataye shi."

"Yaushe?"

"Kafin azumi."

"Takardar rajista fa, yaushe aka kai?"

"Bayan Babbar Sallah ta shekarar da na rataye shi."

"An lulluɓe allon da wani abu?"

"A'a. Don a gani aka rataye shi."

"Akwai wanda aka nuna wa cikinsa?"

"Duk wanda ya tambaya."

Ya ce ba shi da sauran tambaya. Ban kalli inda Alhaji yake ba.

Da aka dawo jin hukunci, alƙali ya ce ya gamsu aikin ƙirƙira ce ta gaske, ba abin da kowane mai sana'a zai faɗa kansa ba ne, kuma tarin robobin nan sun nuna haka. Amma ya ce an riga an buɗe wa jama'a sirrinsa kafin a nemi rajista, don haka a idon doka ba sabo ba ne. Ya soke takardar. Daga ranar kowa na iya yin allon.

A waje Bala ya tare ni yana washe baki. "Tanko, mai gaskiya! Ka zo wajena, zan riƙe ka da kyau."

Na ce, "Ba don kai na faɗa ba. Matsa."

Alhaji yana jikin motarsa. Na je na tsaya. Ya ce, "Ka ji alƙali ya ce ƙirƙira ce?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"A gaban mutane ya faɗa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ba ka yi laifi ba, Tanko. Amma ba zan iya buɗe shago kullum in ga fuskarka ba. Ka je ka kwashi kayan sassaƙarka, na bar maka."

Ban roƙe shi ba. Na kwashe su a ranar. Na kafa rumfa ta kwano a bakin titi, ina da mata da 'ya'ya, ba ni da injin yanka, da zarton hannu nake yanka roba da yatsun da suka rage. Daminar farko ruwa ya sha shiga rumfar. Ban rufe ba ko sau ɗaya. Can sai na fara ganin mutane suna zuwa da aiki mai wuya, in tambaye su wa ya turo su, su ce wani dattijo ne a Abakpa ya ce hannuna ya fi. Bai taɓa tako rumfar ba, ni ma ban koma shagonsa ba. Da ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan ka ƙirƙiro abu, ka kai takarda tukuna, sannan ka yi sadakarka. Ladan ba zai ragu ba. Kada ka zubar da abin da ka ɓata, shi ne shaidar wahalarka, domin da zarar abu ya yi kyau kowa zai ce ai mai sauƙi ne. Kwanan baya wani mai gyaran waya ya nuna mini fuskar waya siririya kamar takarda, ya ce ita da kanta take haske, ba fitila a bayanta, kuma masu yin ta a ƙasashen waje suna ta kai juna kotu, wannan ya ce ni na ƙirƙiro, wancan ya ce ai abu ne a fili. Na ce masa na san wannan shari'ar.

Yanzu idona ya yi rauni, na daina sassaƙa ƙanana. Ina zaune a Kurmin Mashi, rumfata tana nan, ina buɗe ta kowace safiya. Allon yana saman ƙofar masallacin inda na rataye shi. Ni nake goge shi.