Tsohon da Ya Kifa Ƙahon Kekensa

Ina zaune a bakin kasuwar kekuna ta Wagadugu ina shan zom-kom, ruwan garin geron nan, sai ga wani tsoho a guje kan keke, kai a ƙasa, ɗuwawu a sama, zabi na ta kuka a kwando bayansa. Wallahi sirdin nan ya kusa taɓo wayar lantarki! Ƙahon keken kuwa ya kifa shi irin na 'yan tseren keke na Faso. Ina jin tun ranar da suka ratsa ƙauyensu hankalinsa ya bi su.

Da ƙafa yake tsayawa, don yatsunsa sun ƙi matsa birki. Yana yarfe hannu, yana cizon babban yatsa kamar na wani ne.

"Kai, bawana!" in ji Towe mai gyaran keke, ɗan ƙabilar Samo, abokin wasanmu mu Mosawa, ni da tsohon. "Duk nauyinka ka jibge a tafin hannu, ba dole yatsu su mutu ba? Gangaren gada na jiranka, kai da zabinka."

"Rufe baki, maci kare. Gyara wa ubangijinka."

Towe ya sauke sirdi, ya ɗago ƙaho. "Sassauta riƙo, Baba, ba akuya ka kama ba. Lanƙwasa gwiwar hannu, ka riƙa sauya wurin kamu."

Tsoho ya hau ya miƙe zam kamar ango, ya zagaya kasuwa, ya dawo ya matsa birki ƙiii a gaban Towe. Ya miƙa hannu ya murɗe masa kunne.

"Wayyo!"

"Madalla," in ji tsoho. "Yatsun sun farfaɗo."