Jaririn da Na Hana a Ɗauka

A wurinmu a Umbadda, unguwar da ke bayan garin Khartum, idan mace ta haihu jaririn na kowa ne. Duk wadda ta shigo barka sai ta karɓe shi, ta sunsuni wuyansa, ta shafa masa turaren humra, ta miƙa wa ta kusa da ita. Haka muka taso muka tarar, haka aka yi wa 'ya'yana, kuma na ji daɗi.

Ɗiyar yayata aure ya kai ta Khartum, mijinta direban wasu masu hali ne. Ta dawo gida goyon ciki a rame, ba ta cin abinci, ba ta zama wuri guda. Wata safiya jini ya ɓalle mata tun cikin bai isa haihuwa ba. Yaya tana fama da ƙafa, don haka ni na riƙe yarinyar a cikin raksha, keke mai ƙafa uku, har asibiti. Aka ciro yaro ɗan mitsitsi, hannuwansa suna karkarwa, kukansa siriri mai tsini.

Ina tsaye likitar ta tambaye ta a hankali ko akwai abin da take sha. Yarinyar ta ce hodar iblis. Mijin ne yake samowa wurin mutanen da yake tuƙawa, ya ce mata tana kashe gajiya. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce hodar tana matse jijiyoyin jini, abinci da iska ba sa isar wa ɗan da ke ciki yadda ya kamata. Irin wannan yaro haske da hayaniya da ƙamshi da yawan hannu duk firgita shi suke yi, in ya firgita kuma ba ya iya tsotso. A naɗe shi sosai, a rage haske, a rage masu taɓa shi.

Ranar da aka sallame su yarinyar ta kama bakin mayafina. "Khalti, don girman Allah kar Yumma ta ji." Khalti take kirana, wato ƙanwar uwa, uwarta kuma Yumma. Na yi mata alkawari.

A gida Yaya ta ga karkarwar ta ce baki ne. Ta kawo kasko ta zuba turaren wuta, ɗaki ya turnuƙe. Mata suka yi ta shigowa, yaro yana yawo daga cinya zuwa cinya yana banƙarewa. A sa masa madara ya kauda kai. Ina kallon maɗigarsa tana lotsawa, ina istigfari a zuci, bakina a ɗaure.

Ranar suna na fitar da kaskon, na saki labule, na ja gadon igiya na tare ƙofar ɗakin na zauna a kai. Duk wadda ta zo na ce likita ta hana. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi duka ba.

"Likita ta hana barka?" in ji wata maƙwabciyarmu. "To mu namu a kan bola muka tsinto su?"

"Ku bar ta," wata ta ce daga ƙarƙashin rumfa tana zuba jabana, gahawarmu. "Ta yi sakandare, yanzu ta zama daktora."

Suka yi dariya. Wasu suka ajiye sabulun da suka kawo a ƙasa suka fita.

Yaya ta taso tana ɗingishi. "Tashi. Gidana ne, jikana ne. Kin kunyata ni a gaban mutane."

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Me ke gare shi da kike ɓoyewa? Ko ke kika yi masa bakin?"

Wannan ta shige ni. Yaya ce ta goye ni bayan rasuwar uwarmu. Na sunkuyar da kai, amma ban tashi ba.

Sai muryar yarinyar ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa. "Yumma, ki shigo ke kaɗai. Ba Khalti ba ce. Ni ce."

Na matsa, Yaya ta shiga. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ji kukan Yaya, irin wanda ake toshewa da mayafi. Can ta fito, ba ta dube ni ba, ta zauna a gefena a kan gadon. Wata ta nufo ƙofar, Yaya ta ce, "Yana barci, Allah ya ba da lada." A ciki na ji ɗan sautin haɗiya, yaron ya karɓi madarar.

Yaron ya rayu. Maganarsa ta yi jinkiri, kuma har yau ba ya iya zama a makarantar allo, abu kaɗan ya ɗauke masa hankali. Uwarsa ta sha wahala kafin ta rabu da hodar, ba ta koma Khartum ba. Akwai matan unguwa da har muka bar Umbadda gaisuwarsu gare ni a taƙaice take. Idan yaron ya kwanta a cinyata ina duba hannuwansa ko suna rawa, ina roƙon Allah abin ya tsaya iya nan.