Kalmar da Na Koya wa Baba a Kan Yashi

Babana ne mai awon ruwan sama a gonar gwaji da ke bayan garin Lafia. Kullum da safe zai juye abin da ya taru a kwalbar awo, ya faɗa wa akawu, akawu ya rubuta. Shekarar da nake aji uku aka ɗauke akawun. Sabon Baturen gona ya ce mai awo ya riƙa rubutawa da hannunsa, da Turanci, in ba zai iya ba a kawo wani kafin damina ta kankama. Baba kuwa ajami kaɗai ya sani.

Ni, 'yar ficiciya da ni, na zama malamarsa. Lambobi ba su ba shi wuya ba. Inda muka sha fama shi ne kalmar "storm". Malaminmu ya ce ruwan da ya zo da iska mai ƙarfi da tsawa ake kira haka, ban da yayyafi, ban da ruwan da ya sauka salin-alin. Na faɗa wa Baba, ya ja tsaki.

"Yanzu hadarin gabas, da wanda ke tasowa ta wajen Kwandere, da na tsakar rana, duk sunansu ɗaya? Turawa dai akwai rowar baki."

Amma ya zauna. Bayan la'asar sai mu baje yashi a tsakar gida, in kama yatsansa mai kaushi kamar ɓawon rogo ina ja. In ya ɓata, in daka masa tsawa yadda ake yi mana a aji. Har yau in na tuna kunya nake ji. Shi kuwa sai ya ce, "To, Malama, a sake."

Hadarin farko da ya zo, ya kwashe rufin ɗakin girkinmu, ya kwantar da gwandar bayan gida. Washegari Inna na tsince ciyawar rufin tana mita, Baba ya saɓa riga ya fita wajen awo. Ko koko na kasa sha, na tsaya a bakin zaure ina jiransa.

Da hantsi ya dawo. Ya ce Bature ya duba littafin awo, ya ga "storm" a rubuce, ya gyaɗa kai, ya miƙa masa sabon fensir ya ce ya riƙe na daminar bana.

Na ce, "Baba, da kanka ka rubuta?"

"Da kaina, uwata. Sai na ga kamar kina tsaye a kaina, na ji tsoron in ɓata."